Yadda ake nazarin bakgamon har zaɓin mutum ya gyaru

A dara ko daraf, in aka cinye ka, ka san akwai inda ka yi sake ko da ba ka gano wurin ba. Bakgamon, wasan allo da ake jefa ƙwaya biyu masu lambobi, ba ya yi maka wannan adalcin. Sai ka yi tafiyar da ta fi kowace muni a kan allo, ƙwaya ta faɗo maka da shida-shida, ka ci wasa ka tashi kana jin kanka gwani. Wata rana kuma ka yi daidai abin da zakaran duniya zai yi, abokin karawarka ya jefo lamba ɗayan nan tak da za ta cece shi. Idan da ci da faɗuwa kake auna kanka, to ƙwaya ce malamarka, ita kuwa takan yabi kuskure ta kushe daidai. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi shekara da shekaru yana bugawa kullum bayan la'asar, amma hannunsa na nan inda yake.

Ni mai shagon yadi ne a Kasuwar Barci. Wasan na koye shi ne a hannun wani dattijo ɗan Labanan da ya daɗe a Kaduna, yanzu kuma muna da 'yar majalisa a Unguwar Rimi inda muke baje allo da yamma. Ba ma sa ko sisi, maki muke ƙirgawa, kuma ba na ba kowa shawarar ya kusanci caca. Malamai suna da magana mai nauyi a kan wasannin da ake jefa ƙwaya, wannan kuwa tsakanin mutum ne da malaminsa. Abin da zan faɗa a nan na wanda ya riga ya iya dokokin wasan ne: ya san gurabe 24, 'ya'ya 15 na kowane ɓangare, katangar tsakiya inda ake ajiye ɗan da aka kaɗe, da ƙwayar ninki mai lambobi 2, 4, 8, 16, 32, 64.

Ka fara da lamba 36. Ƙwaya biyu suna iya faɗuwa ta hanyoyi 36, kuma duk wani zaɓi a wasan nan daga nan yake tsirowa. Biyar da uku tana zuwa ta hanya 2, domin ko wace ƙwaya tana iya ɗaukar biyar ɗin. Tagwaye, irin su huɗu-huɗu, ta hanya 1 kawai suke zuwa. In ka bar ɗanka tilo taku 6 a gaban ɗan abokin karawa, ba kuma abin da ya tare hanya, jifa 17 ne cikin 36 za su kaɗe shi: 11 masu ɗauke da shida, sai biyar da ɗaya ta hanya 2, huɗu da biyu ta hanya 2, sai uku-uku da biyu-biyu. Matsar da shi taku ɗaya kacal ya zama 7, sai lissafin ya faɗo zuwa 6 cikin 36. A taku 1 jifa 11 ne, a 2 jifa 12, a 3 jifa 14, a 4 da 5 jifa 15 kowanne, a 8 jifa 6, a 11 jifa 2. Ma'ana, in dole ne ka bar tilo, ko dai ka kai shi can bayan taku 6, ko ka matso da shi jikin abokin gaba. Taku 6 shi ne bakin wuta.

Kada ka haddace waɗannan lambobi daga rubutuna. Ɗauki takarda ka zana gida shida a tsaye, shida a kwance, ka cike duka 36 da hannunka, sannan ka ƙirga kowace tazara da kanka. Abin da ka ƙirga da yatsanka shi ne zai zo maka lokacin da ake jiran ka yi tafiya. Da wannan takardar za ka ga dalilin da ya sa shigowa daga katanga yake tsananta da sauri haka: in an rufe maka gurbi 2 kana shiga da jifa 32, in 3 ne 27, in 4 ne 20, in 5 ne saura 11. Da ita kuma za ka gane dabarar haɗa wa mutum buƙatunsa a kan lamba ɗaya. Idan tilo biyu za ka bari, ɗaya ana kaɗe shi da uku, ɗaya da biyar, ka ba shi aƙalla jifa 20. In ka shirya su yadda uku ce kaɗai take kaɗe kowannensu kai tsaye, ka rage masa ƙofa sosai, tunda masu ɗauke da uku 11 ne.

Na biyu shi ne ƙidayar taku, wato jimillar takun da ya rage wa 'ya'yanka kafin su fita duka. Kowa yana farawa da 167: biyu a gurbi na 24 sun ba da 48, biyar a na 13 sun ba da 65, uku a na 8 sun ba da 24, biyar a na 6 sun ba da 30. Jifa ɗaya kuwa, in aka baje, tana kai taku 8 da ɗan ɗoriya, saboda tagwaye sau huɗu ake tafiya da su. Mutane da yawa suna gudun wannan ƙidaya don suna ganin za ta ɓata wa majalisa lokaci. Da farko takan ja lokaci, gaskiya ne. Abin da ke rage wahalar shi ne ka riƙe wasu dunƙulallun siffofi a ka, misali gida a rufe ruf da 'ya'ya bibbiyu a gurabe shida 42 ne, sannan ka daina ƙirga abin da ya yi daidai da na abokin karawa a ɗaya ɓangaren, bambancin kawai ka bi. Wanda zai taɓa ƙwayar ninki bai san wa ke gaba a tsere ba, tela ne da ya sa almakashi a shadda bai yi awo ba.

Buɗe wasa ba ya buƙatar dogon zama. Jifar farko iri 15 ce kawai tunda ba a farawa da tagwaye. Biyar daga ciki ba su da gardama: uku da ɗaya ka kama gurbi na 5, huɗu da biyu na 4, shida da ɗaya na 7, biyar da uku na 3, shida da biyar kuma ka gudu da ɗan baya daga 24 zuwa 13. Sauran ka duba su, ka riƙe, ka wuce.

Yanzu ga inda aikin yake. Tun 1979 wata manhaja ta Hans Berliner ta doke zakaran duniya Luigi Villa a Monte Carlo, ko da yake a lokacin ƙwaya ta taimaka mata. Abin da ya sauya wasan da gaske shi ne TD-Gammon, wadda Gerald Tesauro ya ƙirƙira a kamfanin IBM a 1992. Ita da kanta ta koya wa kanta ta hanyar karawa da kanta, har ta sa ƙwararru suka sake duba yadda suke buɗe wasa da huɗu da ɗaya ko biyar da ɗaya, suka koma raba 'ya'yan baya maimakon ajiye tilo a gurbi na 5. Yau kuwa akwai GNU Backgammon, kyauta ce, tana tafiya ko a tsohuwar kwamfuta, kuma in ka sauke ta ba ta neman intanet. Akwai eXtreme Gammon, wadda ake saya, ita ce manyan 'yan wasa suka fi auna kansu da ita. Ko wacce ka samu ta fi duk wanda za ka zauna da shi a Kaduna iya wasa.

Amma samun manhaja ba shi ne karatu ba, kuma a nan ne na ga samari da yawa suna yaudarar kansu. Mutum ya gama wasa, ya danna a yi masa nazari, ya bi jajayen wurare yana gyaɗa kai yana cewa “ai haka ne, ai haka ne”, ya rufe. Gobe ya maimaita kuskuren. In aka nuna maka amsa kafin ka yi tunani, komai sai ya yi kama da abin da dama ka sani.

Ga yadda nake yi. Ina buga karawa guda mai maki 5 ko 7, da mai ba da satar amsa a kashe. Duk inda na tsaya ina jinjina tafiya biyu, sai in ɗauki hoton wurin da waya, ko da daga baya na ci wasan. Bayan an gama sai in bar manhaja ta yi nazarinta, amma ba na bin kowane ƙaramin saɓani. A eXtreme Gammon, kuskuren da asararsa ta kai 0.080 na maki ɗaya ko fiye shi ake yi wa jan fenti a matsayin babba. Su nake nema, tare da hotunan nan da na ɗauka. Uku ko huɗu sun isa zama ɗaya.

Kowane ɗaya sai in jera shi a kan allon katako na gaske, ba a fuskar kwamfuta ba, domin a kan katako zan sake haɗuwa da shi. In rufe amsar. In nemo tafiya aƙalla uku da za a iya yi, saboda yawancin manyan kurakurai ba daga zaɓar wadda ba ita ba suke zuwa, daga rashin ganin ta gaskiyar ne kwata-kwata. Sai in rubuta wadda na zaɓa da dalilina a jimla ɗaya, da Hausa, kamar ina yi wa ƙanena bayani. “Ina baya a tsere da taku 20, don haka gudu ba nawa ba ne, in tsaya a masaukina, gurbin da na kama a gidansa, in jira tilo.” In dalilin ya ƙi rubutuwa, to ban fahimci wurin ba tukuna, ko da tafiyar ta dace da ta kwamfuta. Sai bayan nan nake buɗe amsa.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi kowanne amfani a wurina, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Ka taɓa wurin kaɗan ka sake tambaya. Ɗauke ɗa guda ka matsar da shi gurbi ɗaya. Ƙara wa abokin karawa rufaffen gurbi a gidansa. Ba shi taku 10 a tsere, ko ka karɓe masa. Kana yi kana kallon lokacin da amsar kwamfuta za ta juya. Misali, kaɗe ɗansa a cikin gidanka kana barin naka tilo yakan zama daidai muddin gurbi 2 kawai ya rufe a nasa gidan, domin ko ya rama za ka shigo da jifa 32 cikin 36. Mayar da gidan nasa mai gurbi 4, sau da yawa sai ka ga kwamfuta ta ja da baya, saboda shigarka ta koma 20, kowane kaɗi kuma yana iya zama ƙarshen wasa. Ranar da ka gano abin da ke juya amsa, ka koyi iyalin wurare gaba ɗaya, ba wuri guda da wataƙila ba za ka sake gani ba har abada.

Paul Magriel, ɗan wasan Amurka, a littafinsa na 1976, ya jera tambayoyin da ake yi kafin a zaɓi tsakanin tafiyar kariya da ta ƙarfin hali, kuma har yau suna aiki. Wa ya fi rufe gurabe a gida? Wa ke da masauki a gidan ɗan'uwansa? Wa ya fi yawan 'ya'ya a baya? Akwai tilo a gidan abokin karawa da za ka iya ramawa a kansa? In gidanka ya fi ƙarfi, kana da masauki, kuma kai ne mai 'ya'ya da yawa a baya, to ka saki jiki, asararka kaɗan ce. In akasin haka ne, ka tattara kayanka. Ina rubuta amsar waɗannan tambayoyi a gefen kowane wuri da nake nazari, har suka zama abin da ido yake yi da kansa.

Sai littafin ajiya. Nawa irin na 'yan makaranta ne mai shafi 80, na raba shi gida-gida: buɗe wasa da martaninsa, kaɗewa ko kama gurbi, lokacin barin masauki, shinge da shinge (jerin rufaffun gurabe a kowane ɓangare), shigar da 'ya'ya gida alhali abokin karawa na jira, kwashewa, sai ninki. Kowane kuskure yana shiga gidansa da zane, da abin da aka zaɓa, da abin da ya kamata, da dalili. Bayan wata guda ka duba gidan da ya fi cika. Nan ne makinka yake zuba, nan za ka ba mako biyu masu zuwa, ka ƙyale sauran. Mutum yakan so nazarin abin da yake jin daɗinsa, littafin kuwa ba ruwansa da abin da kake so.

Kuma a riƙa komawa. Wurin da ka yi nazari yau, ka sake gwada kanka da shi jibi, sannan bayan mako, sannan bayan wata, kullum da amsa a rufe. Wanda ya fi son waya yana iya zuba hotunan a manhajar Anki, ita za ta riƙa dawo masa da su a kan lokaci. Ni hotunan wayata su ne abokan tafiyata in na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja sarin kaya. Minti 20 kullum sun fi awa biyar ranar Lahadi, wannan na tabbata da shi.

Ƙwayar ninki, wadda aka shigo da ita wasan a birnin New York a shekarun 1920, ita ce inda ake asarar maki mafi yawa a zaɓi guda. Tushenta lissafi ne mai sauƙi. A ce an ninka maka sau 4 a wuri iri ɗaya. In ka sallama duka, ka rasa maki 4. In ka karɓa duka, ka faɗi 3 ka ci 1, ka rasa 6 ka samu 2, asara dai 4 ce. Ke nan da zarar damarka ta kai kashi 25 cikin 100, karɓa ba ta fi sallamawa muni ba. Tunda kuma wanda ya karɓa shi kaɗai ke da ikon sake ninkawa, a wasan da ke da sauran tafiya iyakar takan sauko ƙasa da haka kaɗan. Haɗarin a yi maka gamon, wato a gama ba ka fitar da ko ɗa ɗaya ba ka biya ninki biyu, shi kuma yana ɗaga ta sama. Abin da na fi gani a majalisarmu shi ne jinkirin ninkawa da saurin sallamawa, duka biyun kuwa tsoro ne ke kawo su.

Maganinsa shi ne ka tara wuraren awo da ka san amsarsu tabbas, ka riƙa gwada sabon wuri da su. A dogon tsere ba tare da haɗuwa ba, ana amfani da 8, 9, 12: in kai ne da jifa kana da taku 100, ka ninka idan shi yana da 108, in ƙwayar ninki na hannunka ka sake ninkawa idan 109 ne, shi kuma yana iya karɓa har zuwa 112. A ƙarshen kwashewa, in saura maka ɗa ɗaya a gurbi na 5 da ɗaya a na 2, shi kuma tabbas zai gama a jifarsa ta gaba, jifa 19 cikin 36 ne suke fitar da kai. Ka fi rabi, don haka ka ninka, shi ma ya karɓa. Ɗa guda a gurbi na 6 yana fita da jifa 27, kashi 75 cif, daidai kan iyaka. In kowa saura masa 'ya'ya 6 a gurbi na 1 kuma kai ne da jifa, ninki ne a sallama. In 8 ne kowa, ninki ne a karɓa. Ka jera kowannensu a allo ka ƙirga har ka ga daga ina amsar ta fito.

A tsakiyar wasa, inda ƙidaya ba ta isa ba, tambaya uku nake yi: ina gaba a tsere, tsarina ya fi nasa kyau, kuma ina da barazanar da za ta iya rusa shi a jifa mai zuwa? In biyu sun amsa e, hannuna ya fara zuwa wajen ƙwayar ninki. Kit Woolsey, ɗan wasan Amurka, yana da wata ƙa'ida da ta shahara da sunansa: ka sa kanka a kujerar abokin karawa, in kana shakkar ko wurin na karɓa ne ko na sallamawa, to ka ninka. Amfaninta shi ne tana tilasta maka ka yi wannan tambaya kafin kowace jifa, ba sai bayan dama ta wuce ba.

Kada ka yi karatun nan kai kaɗai in da hali. Ni da wani abokina, ma'aikacin gwamnati ne mai ritaya da ke zaune a Malali, mun ware daren Alhamis ba don karawa ba, don gardama. Kowa ya zo da wuri biyu daga littafinsa, a jera, ɗayan ya zaɓa ya faɗi dalili da baki. Yakan ce min, “Alhaji, ban tambaye ka me za ka yi ba, na tambaye ka don me.” In mun saɓa, sai mu buga wurin daga nan sau da yawa muna musayar ɓangare. Wannan ba ya raba gardama, domin wasa goma ko ashirin ƙwaya ce ke mulkinsu, shi ya sa kwamfuta kan buga wuri guda sau 1,296 ko fiye kafin a yarda da hukuncinta. Abin da yake ba ka shi ne ganin yadda wurin yake warwarewa: ta ina gamon ke shigowa, a wace jifa shinge ke karyewa, yaushe wanda yake baya yake farfaɗowa. Lambar kwamfuta ba ta nuna maka wannan.

Wajen auna ci gaba, ka bar ƙirga wasannin da ka ci. Manhajar eXtreme Gammon tana ba da wata lamba da ake kira PR, wadda take auna matsakaicin abin da kake zubarwa a kowane zaɓi, ba ruwanta da sa'ar ƙwaya. Ƙanƙantarta shi ne kyaunta, ƙwararrun duniya sukan buga ƙasa da 5. Ta karawa ɗaya ba ta da ma'ana sosai, sai ka tara ta karawa 20 ko 30 ka raba, ka kwatanta da ta wata uku baya. Dandalin intanet irin su Backgammon Galaxy ma suna nuna nazarin wasa bayan an gama. Tambayar manhaja ana tsakiyar karawa da mutum kuwa maguɗi ne, kuma yana kashe ainihin abin da kake son ginawa.

Lissafin ninki yana sauyawa idan karawa ce ta zuwa wani adadin maki, musamman kusa da ƙarshe, wannan kuma karatu ne mai zaman kansa da ya kamata ka jinkirta har kashi 25 ɗin nan ya zauna maka. Abu ɗaya dai ka riƙe tun yanzu. Idan ɗayanku ya kai saura maki ɗaya ya lashe karawa, wasa na gaba ana yin sa ba ninki, ita ce dokar Crawford. In an wuce wannan wasan kuma kai ne a baya, ka ninka tun a damarka ta farko, tunda faɗuwa da maki 1 da faɗuwa da maki 2 duk ɗaya ne a wurinka, ci kuwa ya zama biyu.